Dangwalen Baba Issaka

Ba zan ɓata muku lokaci da labarin rakiya da koke-koken filin jirgi ba. Na sauka London a ƙarshen shekarun 1980 da akwati ɗaya, da kwat ɗin da wani tela a Tudun Wadar Zariya ya rantse mini zai tare sanyin Turai, da takardar gwamnatin jiharmu mai cewa ta ɗauki nauyin karatuna. Kwat ɗin bai tare komai ba, takardar ma haka. Wata huɗu ina zuwa aji, sai makaranta ta ce in zauna a gida har gwamnatina ta tuna da ni. Har yau ba ta tuna ba.

Zangona na farko Peckham ne, wani ɗaki a saman shagon kitso a Rye Lane, inda ƙaurin gashi da ƙarnin busasshen kifi ke shigowa ta ƙasan ƙofa. A nan na fara sanin cewa a garin nan sunan mutum ma haja ne. Wani ɗan ƙasarmu ya ba ni aron sunansa da katinsa na aiki, na shiga wankin tukwane a wani gidan abinci. Ni ke tsoma hannu a ruwan zafi har fata ta saɓule, shi ke karɓar albashi ya tsakuro mini. Ranar da na yi ƙorafi ya karɓe sunansa, aikin ya bi sunan.

Ina cikin wannan garari wani ya ja ni taron suna a Barking. Na shiga gidan na ji Hausa ta ko'ina, aka ajiye mini tuwon shinkafa da miyar taushe, wallahi sai da na juya baya na share ido da hannun riga. A wurin na haɗu da Alhaji Tanimu, mai faɗin fuska da taushin murya, babbar riga a kan suwaita, kowa na ce masa uban baƙi. Ya saurari labarina yana kaɗa kai.

"Malam Sabo, ka daina damuwa," in ji shi. "Ina da flat a Thamesmead. Akwai wani tsoho mara lafiya a ciki. Ka kula da shi, katifa kyauta. Naka sai naka."

Har durƙusawa na yi ina godiya. Ashe gudun gara na yi na faɗa gidan zago.

Thamesmead can ƙarshen hanyar bas take, siminti a kan siminti, iska daga kogi tana dukan mutum kamar ya ci mata bashin uwa. Benenmu dogo ne, gidan yana hawa na tara, lif ɗin kuwa ya mutu tun kafin in zo. Matakalar zarnin fitsari take yi daga ƙasa har sama, kullum ina hawa da hannu a hanci. Mu bakwai ne a ciki, masu gadi da masu shara da direbobi, wani na tashi wani na kwanciya a gurbinsa tun katifar ba ta huce ba. Sai da na kwana biyu na gane gidan ba na Alhaji ba ne. Kansil, wato ƙaramar hukumar yankin, ta ba tsohon ne, shi kaɗai. Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, Alhaji ya zo da sunan taimako, ya matsa shi ɗan ƙaramin ɗakin da ke kusa da ƙofa, ya shimfiɗa katifu a sauran.

Tsohon shi ne Baba Issaka. An haife shi a zangon Kumasi, mahaifinsa falken goro ne daga ƙasar Hausa. Hausarsa ta zango ce, namiji da mace duk ɗaya take kiransu. Hannunsa na dama da ƙafarsa sun mutu, amma kansa garau, bakinsa kuwa ya fi na mai lafiya kaifi. Ni ke yi masa wanka, in ɗora shi a keken guragu, in tura shi bakin ƙofa inda yake son zama yana sauraron takun masu hawa da sauka. Sama da shekara guda rabonsa da taka ƙasa. Burinsa bai wuce a sauko da shi ranar Juma'a ya bi jam'i ba.

A wannan zama na bakin ƙofa nake cika masa baki. Na gaya masa ni ba ƙaramin mutum ba ne a gida, malamin makaranta ne, har aikin malamin zaɓe na yi a zaɓen farar hula na ƙarshe kafin soja su dawo. Na kwatanta masa yadda nake kama yatsan tsofaffi in shafa a tawada, in nuna musu yadda za su dangwala, da yadda ake naɗe takarda a tsaye don kada tawadar ta ɓata gidan wani. Ya kalli hannunsa.

"Ni ban taɓa ba," ya ce. "Ko sau ɗaya. A Ghana suka ce mu baƙi ne, ku tafi ƙasar ubanku. Na je ƙasar ubana, suka ce kai ɗan Ghana ne. Na shiga jirgin ruwa, shekara talatin ina dafa wa Turawa abinci. A kan ruwa wa zai tambaye ka wa kake so?"

Ana saura 'yan makonni zaɓen kansiloli, wata rana da hantsi muka ji ana hawowa ana haki. Wata Baturiya ce 'yar takara, gajeriya, ta haura shekara hamsin, ta hawo hawa tara da ƙafa tana ƙwanƙwasa ƙofofi. Da ta iso wurinmu zama ta yi dirshan a kan matakala, fuska ja wur. Baba ya sa na haɗa mata shayi. Ta tambaye shi yaushe rabonsa da fita, ya faɗa mata, ta rubuta a ɗan littafinta, ta ce in ta ci, gyaran lif ɗin nan ne aikinta na farko. Ni dai na san alkawarin ɗan siyasa, na gida da na dawa duk kanwar ja ce. Amma Baba ya karɓi takardarta mai hoto ya tura ƙarƙashin matashinsa.

"Wannan mata," ya ce mini bayan ta tafi, "shi kaɗai ya hau ya gan ni. Da ina da hannu a abin nan, da shi zan ba."

Ashe yana da hannu, mu ma muna da shi, ba mu sani ba. 'Yan ƙasashen rainon Ingila suna da ikon zaɓe a can, in dai sunansu na cikin rajista. Alhaji ya san haka tun tuni. Ya shigar da sunayen duk mutanen da ya cusa a gidajensa, ya kuma cika mana takardun neman jefa ƙuri'a ta gidan waya, wai aikinmu ba ya barinmu zuwa rumfa. A lokacin sai da hujja ake ba mutum wannan dama. A cikinmu duka Baba ne kaɗai hujjarsa gaskiya ce. Akwai wani ɗan takara da ya yi wa Alhaji alkawarin kau da kai daga harkar gidajen, mu ne tukuicin.

Ranar da ambulan ɗin ƙuri'un suka iso, Alhaji ya hawo da kansa, yana haki yana istigfari, da jakar leda a hannu. Ya tara mu a falo. Kowa ya farke ambulan ɗinsa, Alhaji ya zare takardar ƙuri'ar ya jefa a jaka, ya ɗora yatsa a kan takardar shaida inda mutum zai sa hannu.

"Ku yi signing a nan kawai, sauran aikina ne. Ba na son wahalar da ku."

Na ce, "Alhaji, ai da an bar mutum ya duba..."

Ya dube ni yana murmushi. "Malam Sabo, biza taka ta ƙare ko tana nan? Ka ga waje ana ruwa. Katifar nan akwai mutum uku da ke jiranta."

Na sa hannu. Ni da na yi wa mutanen ƙauye huɗuba a kan kada su sayar da 'yancinsu da sabulu da atamfa, na sayar da nawa da katifa mai warin ƙafar wani. Ko fuskar takardar ban gani ba. Tun daga ranar nake jin ƙyamar kaina, kuma ba ta sake ni ba.

Alhaji ya ƙirga ambulan, ya ce saura ɗaya, ta tsoho. Baba ya buɗe ido a hankali ya ce shi bai ga komai ba, wataƙila mai kawo wasiƙa ya gaji a hawa na takwas. Aka duba ƙarƙashin katifu, aka duba bayan ƙofa. Alhaji ya ce zai dawo jibi, in ta zo in ajiye masa, in ba haka ba in haɗa kayana.

Da na zo ɗaga Baba daga keke don ya yi alwalar azahar, sai ga ambulan a ƙarƙashinsa, ta yi ɗumi, ta lanƙwashe. Tun safe yake zaune a kanta. Shi ke bakin ƙofa lokacin da aka zuro wasiƙu, ya gane sunansa, ya jawo ta da sanda.

"Ɗana," ya ce, yana riƙe da rigata da hannunsa mai rai, "shekara saba'in da wani abu ba wanda ya rubuta sunana ya ce me kake so. Ɓarawo ne ya rubuta, na sani. Amma sunana ne. Kai malamin zaɓe ne. Ka yi mini."

Na san abin da zai biyo baya. Na leƙa taga na ga ruwa na zuba a kan siminti, na tuna ba ni da inda zan nufa. Amma wani abu ya motsa a raina, na ce ko ba komai in wanke kaina da wannan. Na ce masa, "Baba, gobe da safe za ka yi zaɓe, kuma irin na ƙa'ida."

Da yamma na hau bas na je wani shagon kayan ofis na sayo ɗan akwatin tawada irin na buga hatimi, shuɗiya mai duhu. Har zaɓe na tsaya yi, na ƙi wata na ce ta cika ruwa, za ta malale.

Washegari da 'yan gidan suka ragu, Baba ya ce sai an yi masa wanka an sa masa farar rigarsa ta Idi da hula. Na tura shi gaban ɗan teburin kicin, na share teburin tas, na zazzage ambulan ɗin. Takardu uku ne suka faɗo da wasu ambulan biyu, ƙarama da babba. Na ware takardar ƙuri'a da ta shaida. Akwai wata mai dogon bayani da ƙananan haruffa, na leƙa ƙarshenta na ga inda aka ce ƙuri'a ta shiga ƙaramar ambulan, ita kuma da takardar shaida su shiga babbar. Na ce to, wannan ne kawai sabo a wurina. Na ninke ta na tura aljihu. Wa zai koya mini sauran? Mutum nawa na sa suka yi zaɓe a rana ɗaya a ƙarƙashin bishiyar ɗorawa? An ce matambayi ba ya ɓata, amma mai ganin ya sani ba ya tambaya.

Na karanta masa sunayen ɗaya bayan ɗaya, da murya irin ta aiki. Da na zo kan na matar ya ce, "Tsaya nan." Na miƙa masa tawada ta ɓangaren hagu, ya girgiza kai.

"Da hagu? Abin arziki? A'a. Dama."

Ya sa hannun hagu ya ɗago na daman, ya ɗora mini a tafi. Hannun sanyi ƙalau, nauyi kamar ba nasa ba. Na kama babban yatsan na danna a tawada, na kai shi cikin ɗan akwatin da ke gaban sunan matar, ya ce bismillah, na danna, na ɗan juya shi dama da hagu yadda aka koya mana. Na ɗaga. Wallahi ban taɓa ganin dangwale mai kyau irin wannan ba, kowane zane na yatsan ya fito, bai taɓa layi ba ko kaɗan. Na hura, na jira ta bushe, na naɗe a tsaye. Ya rubuta sunansa a takardar shaida da hagu, ni na sa hannu a matsayin mai shaida. Hawaye na bin kuncinsa, bai share ba.

Na sauka hawa tara da gudu, na jefa ambulan ɗin a jan akwatin gidan waya na bakin titi, har na leƙa bakin akwatin don in tabbata ta faɗa. Na hawo ina ji da kaina kamar wanda ya ci yaƙi.

Alhaji ya dawo ranar da ya ce. Kafin ya buɗe baki Baba ya ɗaga masa shuɗin yatsansa da hannun hagu.

"Ka makara, Tanimu. Na yi nawa."

Fuskar Alhaji ta sauya. Ya ja ni waje kan matakala ya rufo ƙofa, ni kuma na riga na haɗa akwatina tun asuba, na shirya wa kora. Ya fara da cewa ni butulu ne, ya tsince ni a titi. Sai ya tsaya cak.

"Dakata. Wannan tawadar ta mece ce a hannunsa?"

Na ɗaga kai na ce, "Ta dangwale. A gaban sunan wadda yake so."

Ya dube ni. Sai ya fashe da dariya. Ya dafa bango, ya riƙe ciki, hularsa ta faɗi a kan matakalar nan mai zarni bai ko kula ba.

"Dangwale! A London! Kai, malamin zaɓe! Wayyo cikina. Nan X ake yi da biro, Malam Sabo, X kawai. Wannan taku an yi rejecting ɗinta tun kafin ta isa." Ya share hawaye da gefen babbar riga. "Mayar da akwatinka, ba inda za ka. Ai ka yi mini aiki. Amma ka ji, ranar da ka sake ɗaga mini murya, ko ka kai maganata wani wuri, ni da kaina zan zauna in yi wa tsohon nan bayani."

Da kora ya yi mini da ta fi sauƙi.

Ban yarda da shi ba, don maƙaryaci ne. Washegari na hau bas zuwa ofishin kansil, na bi layi, na isa gaban wata mata a bayan gilashi. Na ce mata wani tsoho ne na sani ya yi kaza, ko akwai matsala? Ta ce duk takardar da ke ɗauke da alamar da za a iya gane mai ita, gefe ake ajiye ta, kuma ba ta san alamar da ta fi zanen yatsa nuna mutum ba. Na ce to a ba shi wata. Ta ce wadda ta riga ta shiga akwati ta shiga ke nan. Ta tambaya cikin tausayi ko ba wanda ya karanta masa takardar bayani. Na ce wanda ya taimaka masa jahili ne. Sannan ta ce ko akwai wani abin kuma? Maganar jakar ledar Alhaji ta zo mini har leɓe. Na tuna bizata, na tuna Baba, na ce babu, na gode.

A cikin bas na laluba aljihu na ciro takardar nan da na ninke. Layin farko ne. Ba na biyu ba, ba na tsakiya ba. Da manyan haruffa aka rubuta a yi X, kada a ƙara wata alama. Na zauna ina kallon layin har bas ta wuce tashata.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, da ban miƙa tawa ba, da sai in zana X a gaban sunan matar nan in ce ta Baba ce, Allah ya gani. Amma tawa tana cikin jakar leda tare da na sauran, duk an zana su da biro ɗaya, tsaf-tsaf, ba kuskure ko ɗaya. Alhaji ba ya kuskure a irin wannan aiki.

Baba kuwa ya hana ni cuɗa yatsan da sabulu. In na zo yi masa alwala sai ya ce in zuba ruwa kawai, kada in goge. Duk wanda ya shigo gidan sai ya nuna masa. Har mai kawo wasiƙa ya tare a bakin ƙofa ya ɗaga masa.

Aka yi zaɓe. Mutumin Alhaji ya ci, matar ta faɗi. Ba ƙuri'a ɗaya ce ta kayar da ita ba, ba zan ƙara wa kaina laifin da ba nawa ba, wanda nake da shi ya ishe ni. Lif ɗin yana nan a mace har na bar unguwar. Da safe na kawo wa Baba shayi na faɗa masa sakamako, ina kallon ƙasa.

Ya karɓi kofin. Sannan ya ce, "An ƙirga nawa?"

Na ce, "An ƙirga, Baba."

"To alhamdulillahi. Ya faɗi, amma ya faɗi da nawa a hannunsa. Ya hau hawa tara, ni ma na ba shi abin da nake da shi." Ya kurɓi shayi, ya dubi yatsan, tawadar ta fara kodewa ta gefe. Sai ya ɗago ya dube ni da fara'a. "Kai fa, malamin zaɓe? Wa ka dangwala wa?"

Na ce shayin ya huce, bari in ɗumamo masa. Na ɗauki kofin na shiga kicin na tsaya a gaban tebur ɗin nan. Baba Issaka ya rasu kafin wani zaɓen ya zagayo, mu huɗu muka sauko da shi ta matakala, kuma bai taɓa sanin gaskiya ba. A cikin ƙuri'u biyun nan, tasa da tawa, tawa ce aka ƙirga.